Randy Rhoads: malamin jita da ya rayu a tsakiyar kiɗan da iyaye ke tsoro

A duniyar kiɗan da Turawa ke kira hebi metal, wato kiɗan nan mai rugugi da kururuwar jita wanda iyaye da malaman coci a Amurka suka daɗe suna zargi da ɓata tarbiyyar matasa, sunan Randy Rhoads na cikin waɗanda ba a mantawa da su. Shekara 25 kacal ya yi a duniya. Shekara biyu da ƴan watanni ya yi yana kaɗa wa mawaƙin nan na Ingila Ozzy Osbourne jita, kafin hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa a watan Maris na 1982. Cikin wannan ɗan lokaci ya sauya yadda ake kaɗa jitar lantarki, har yau kuma matasa masu koyo a ƙasashe da dama na kwana suna kwaikwayon yatsunsa.

Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda rayuwarsa ta saɓa da hoton da jama'a suka zana wa masu wannan kiɗa. An san su da dogon gashi, baƙaƙen tufafi, shaye-shaye da zargin bautar shaiɗan. Rhoads na da dogon gashin, amma malami ne ɗan malama, wanda ko a lokacin da dubban mutane ke cika fili don kallonsa, in ya sauka a gari yakan nemi wanda zai ƙara masa karatun jita, ya biya shi. Duk da haka, wata waƙa da ya sa hannu a cikinta ce aka kai gaban alƙali bayan mutuwarsa, bisa zargin ita ta sa wani saurayi ya kashe kansa.

Ɗan malama

An haifi Randall William Rhoads ranar 6 ga watan Disamba na 1956 a Santa Monica, cikin jihar Kaliforniya. Shi ne auta cikin ƴaƴa uku, kuma iyayensa duka malaman kiɗa ne. Yana da wata 17 a duniya mahaifinsa ya bar gidan, ya bar wa mahaifiyarsa Delores ɗawainiyar yaran ita kaɗai. Delores ta yi karatun kiɗa a jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, kuma tun ƙarshen shekarun 1940 tana da wata ƙaramar makarantar koyar da kiɗa mai suna Musonia a unguwar North Hollywood. Da abin da iyayen yara ke biya a wannan makaranta ta riƙe gidanta a garin Burbank.

Gidan ba na masu hali ba ne. Ba su da na'urar sauraren faifai, saboda haka in yaran na son kiɗa sai su yi abinsu da kansu. Wajen shekara 7 Randy ya fara ɗaukar darasin jita a makarantar uwarsa, da wata tsohuwar jitar katako da ya tarar a gida. Da ya ɗan tasa sai ya koma ga jitar lantarki. Ba a jima ba malamin da ke koya masa ya je ya shaida wa Delores cewa yaron ya ƙure abin da ya sani, ba shi da sauran abin da zai ba shi. Ita kuma uwar ta zaunar da shi gaban piyano ta koya masa karanta rubutun kiɗa, abin da akasarin makaɗan rok na zamaninsa ba su iya ba, don su da kunne suke koyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan har da horo aka haɗa.

A 1971 yayansa ya kai shi kallon konser ɗin Alice Cooper, mawaƙin da ya yi suna wajen tsorata ƴan kallo da macizai da kwalliyar fatalwa. Yaron ɗan shekara 14 ya fito daga wurin da niyyar shi ma wannan sana'a zai yi. Ya koya wa abokinsa Kelly Garni jitar bas, suka riƙa kiɗa a bukukuwan unguwa. A lise ɗin Burbank ya shiga wani tsari na gajarta karatu, don ya gama da wuri ya samu lokacin koyarwa da kiɗa.

Da rana aji, da dare fage

A tsakiyar shekarun 1970 shi da Garni suka kafa ƙungiyar Quiet Riot, tare da mawaƙi Kevin DuBrow da mai ganga Drew Forsyth. Nan da nan suka zama cikin ƙungiyoyin da ake ji da su a gidajen rawa na Los Angeles, musamman wani mai suna Starwood. A gari ɗaya kuma a lokaci ɗaya wani saurayin, Eddie Van Halen, na tashe da tasa jitar, har masoya suka rabu gida biyu kan wane ne ya fi wani. Rhoads siriri ne, ɗan ƙaramin jiki, mai farin gashi, yana hawa fage da ƴar shara mai ɗigo-ɗigo, har ƴan mata masu binsa suka ɗauki wannan ado.

Sai dai sa'a ba ta zo musu a gida ba. Van Halen ya samu kamfanin faifai a Amurka ya yi gaba, su kuwa faya-fayansu biyu a Japan kawai aka buga su. Abin da ya riƙe Rhoads a waɗannan shekaru shi ne koyarwa a Musonia, inda yake yini da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya sha faɗa cewa koyarwar ce ta gina shi, domin yaro kan zo da tambayar da dole malami ya koma ya bincika kafin ya ba da amsa. Ɗaliban da suka ratsa hannunsa sun tuna shi da haƙuri, da kuma ɗabi'ar barin yaro ya jagoranci kiɗa shi yana rufa masa baya.

Inda hebi metal ya fito

Kafin a fahimci abin da ya same shi daga baya, sai an san asalin wannan kiɗa. Ma'anar sunan ita ce ƙarfe mai nauyi, kuma yawancin masana na kai tushensa ga Birmingham, birnin masana'antu na Ingila, inda ƴaƴan leburori huɗu suka kafa ƙungiyar Black Sabbath a ƙarshen shekarun 1960. Mai jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya ƙera wa kansa kan yatsu na roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage zafi, abin da ya ƙara wa sautin kauri da nauyi. Sunan ƙungiyar daga wani fim ɗin ban tsoro suka ɗauko shi, bayan sun lura mutane na biyan kuɗi don a tsorata su a silima. Faifansu na farko ya fito ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu na 1970, ranar da Turawa ke camfawa.

Tun daga nan tambarin shaiɗan ya manne wa wannan kiɗa, kuma masu sayar da shi ba su yi wani ƙoƙarin goge shi ba, tunda tsoro na kawo ciniki. Amma akwai wani haɗarin na zahiri da ke cin makaɗan da kansu, wato giya da ƙwaya. A shekarar 1980 kaɗai barasa ta kashe Bon Scott, mawaƙin AC/DC, da John Bonham, mai gangar Led Zeppelin. Shi kansa Ozzy Osbourne, wanda ya fara da Black Sabbath a matsayin mawaƙi, abokansa sun kore shi a watan Afrilu na 1979 saboda shaye-shayensa ya kai inda ba a iya aiki da shi. Ya shige wani otel a Los Angeles ya yi watanni yana sha, mutane da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare.

Gwajin minti kaɗan

Sharon Arden, ɗiyar mai kamfanin faifai na Jet, ita ce ta tsaya kai da fata sai Ozzy ya kafa sabuwar ƙungiya. A watan Satumba na 1979 wani makaɗin Los Angeles, Dana Strum, ya matsa wa Rhoads lamba ya je gwaji. Rhoads ba mai son kiɗan Black Sabbath ba ne, kuma bai je da wani ɗoki ba. Ya isa da jitarsa da wata ƴar ƙaramar na'urar ƙara sauti ta atisaye. Yana cikin ɗumama yatsu, bai ma fara abin da ya shirya ba, Ozzy da ke cikin maye ya ce ya samu mutuminsa. Daga baya ya tashi zuwa Ingila, inda jami'an filin jirgin Heathrow suka fara mayar da shi gida saboda rashin takardar izinin aiki, sai da aka gyara takardu ya koma a ƙarshen watan Nuwamba.

A Ingila aka haɗa shi da mai bas Bob Daisley da mai ganga Lee Kerslake, dukansu gogaggu. A nan ne halin malanta ya yi rana. Ozzy ba ya kaɗa komai kuma bai san rubutun kiɗa ba, sai dai ya rera abin da ke kansa. Ya sha bayar da labarin yadda Rhoads ke zama da shi cikin natsuwa, yana neman ma'aunin da ya dace da muryarsa, abin da ya ce ba a taɓa yi masa ba a shekara goma da ya yi a tsohuwar ƙungiyarsa.

A watannin Maris da Afrilu na 1980 suka shiga sitidiyon Ridge Farm da ke ƙauyen kudancin Ingila suka naɗi faifan Blizzard of Ozz, wanda ya fito a watan Satumba. Abin da Rhoads ya kawo sabo shi ne auren rugugin metal da tsarin kiɗan kilasik, wato daɗaɗɗen kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda. Galibin masu jitar rok na lokacin, in an zo wurin da jita ke magana ita kaɗai, sukan saki hannu ne su bi abin da ya zo. Shi kuwa yakan tsara nasa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya naɗe shi sau biyu ko uku a kan juna ba tare da kuskure ba, don sautin ya cika. Injiniyan sitidiyon Max Norman ya sha bayyana yadda yake shafe sa'o'i shi kaɗai yana maimaita ɗan gutsuren da bai kai minti ɗaya ba.

Faifan ya ƙunshi waƙar Crazy Train, wadda ke magana kan fargabar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma har yau ake sa ta a filayen wasanni. Akwai Mr. Crowley, kan wani matsafin Ingila da ya mutu a 1947, wadda masu suka suka ɗauka yabo ce alhali tambayoyi take jefa masa. A tsakiyar wannan hayaniya kuma akwai wani ɗan kiɗa mai sanyi na jitar katako, bai kai minti ɗaya ba, mai suna Dee. Sunan da ake kiran mahaifiyarsa ke nan, don ita ya yi shi. Faifan ya sayar da fiye da kofi miliyon 4 a Amurka kaɗai. Na biyu, Diary of a Madman, ya fito a watan Nuwamba na 1981, kuma waƙar da ta ba shi suna ta buɗe ne da wani salo da ya samo daga darasin jita na Leo Brouwer, mawallafin kiɗa ɗan Kuba. A wannan shekara masu karanta mujallar Guitar Player suka zaɓe shi gwarzon sabbin makaɗa.

Zama da maɗaukin kanwa

Yayin da sunan Rhoads ke tashi wajen masu sanin jita, sunan maigidansa na tashi ne a shafukan abin kunya. A watan Maris na 1981, a wani taro da shugabannin kamfanin CBS a Los Angeles, Ozzy cikin maye ya gatsa kan tantabara. Ranar 20 ga watan Janairu na 1982, a birnin Des Moines, wani ɗan kallo ya jefo jemage kan fage, Ozzy ya kai baki ya ciza, yana cewa daga baya ya zaci na roba ne. Sai da aka yi masa alluran rigakafin ciwon haukan kare. Wata guda bayan haka ƴan sanda suka kama shi a San Antonio saboda ya yi fitsari a jikin wani abin tunawa da mazan jiya na Alamo, birnin kuma ya haramta masa wasa har shekara goma. Jaridu sun yi ta yayatawa, ƙungiyoyin kare dabbobi da na coci suka riƙa neman a hana wasanninsa, tikiti kuma ya ƙara tsada.

Rhoads na tsaye a gefen wannan fage kowane dare, kuma duk wanda ya kalli hoton ƙungiyar ya ɗauka duk kanwar ja ce. Waɗanda suka yi tafiya da shi, irin su Rudy Sarzo da ya maye gurbin mai bas, sun ba da wani labarin daban. Mutum ne mai yawan shan taba sigari, yakan ɗan taɓa giya jefi-jefi, amma ya nisanci hodar ibilis da ta zama ruwan dare a wannan sana'a. Abin da ke ɗauke masa kewa shi ne tara ƙananan jiragen ƙasa na wasan yara. In motarsu ta shiga sabon gari, yakan buɗe littafin lambobin tarho ya nemi malamin jitar kilasik ya je darasi. Wani lokaci malamin kan tarar ɗalibin ya fi shi, darasin ya juye, amma duk da haka Rhoads ke biya. A watan Fabrairu na 1982, ana tsakiyar rangadi, ya tsaya a garin Greensburg na jihar Pennsylvania ya yi wa matasa masu koyo zaman tambaya da amsa kan jita.

A wannan lokaci zuciyarsa ta fara fita daga harkar. Ya shaida wa abokan tafiyarsa cewa yana son ya ajiye rangadi ya koma jami'a ya yi digiri a kan jitar kilasik. Saɓani ya ƙaru da aka zo da shawarar a naɗi faifai na tsofaffin waƙoƙin Black Sabbath. Rhoads ya ga koma baya ne ga mutanen da suka riga suka yi nasu sabon abu, ya ƙi da farko, har suka yi cacar baki da Ozzy. Daga baya ya amince, da nufin in ya cika alƙawuran da ke kansa ya kama gabansa. Ozzy ya faɗa cewa a hirarsu ta ƙarshe cikin mota, Rhoads faɗa yake masa a kan shan giya, yana gargaɗinsa cewa wata rana za ta kashe shi.

Safiyar Leesburg

Ranar 18 ga watan Maris na 1982 suka yi wasa a Knoxville, jihar Tennessee, suka hau kar ɗinsu cikin dare zuwa Orlando a jihar Florida, tafiyar kusan kilomita 1000, wadda ta ɗara tazarar Yamai zuwa Damagaram. Da safe direban ya tsaya a kusa da garin Leesburg, a harabar kamfanin da ke da motar, don a gyara na'urar sanyaya iska. Wurin na da ɗan filin saukar ƙananan jirage. Direban ya taɓa zama matuƙin jirgi, amma takardar shaidar lafiyarsa ta tuƙi ta daina aiki, kuma ya kwana yana jan mota. Ya ɗauki wani ƙaramin jirgi samfurin Beechcraft Bonanza ba da izinin mai shi ba, ya zaga da mutum biyu daga cikin tawagar, ya sauko lafiya.

A zagaye na biyu ya ɗauki Rhoads da wata dattijuwa ƴar shekara 58 da ke yi wa ƙungiyar ɗinki da gyaran gashi. Rhoads mai tsoron jirgi ne. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne matar na da ciwon zuciya, don haka aka tabbatar masa ba za a yi wasa da jirgin ba, shi kuma yana son ya ɗauki hotuna daga sama ya kai wa mahaifiyarsa. Da suka tashi sai matuƙin ya riƙa sauko da jirgin ƙasa-ƙasa yana shafar saman motar da Ozzy da Sharon da wasu ke barci a ciki. Ya yi haka ya tsira, ya sake, har a wani karon fiffiken ya daki motar. Jirgin ya kauce ya sare kan wata bishiya, ya faɗa garejin wani gida ya kama da wuta. Duka ukun suka mutu nan take.

Binciken likitoci ya gano hodar ibilis a jikin matuƙin. A jikin Rhoads ba a samu komai ba sai alamar taba. An yi masa addu'o'in jana'iza a cocin Lutheran na Burbank da ya taso a ciki, aka binne shi a San Bernardino.

Waƙar da aka kai kotu

Bai ga ƙurar da ta biyo baya ba. A 1983 tsohuwar ƙungiyarsa Quiet Riot ta fitar da faifan Metal Health, mai ɗauke da waƙar tunawa da shi, kuma shi ne faifan metal na farko da ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Amurka. Kiɗan ya fita daga lungu ya shiga ɗakin kowane yaro ta talabijin da kaset, hankalin iyaye kuma ya tashi.

A watan Oktoba na 1984 wani saurayi ɗan shekara 19 a Kaliforniya ya kashe kansa a ɗakinsa bayan ya yi daren yana sauraren faya-fayan Ozzy. Iyayensa sun maka mawaƙin da kamfanin CBS a kotu, suna ɗora laifin kan waƙar Suicide Solution da ke cikin Blizzard of Ozz, wadda Rhoads ya tsara kiɗanta. Sunan waƙar na da harshen damo a Ingilishi, domin kalmar ta biyu na nufin mafita, tana kuma nufin ruwan da aka narka wani abu a ciki. Waɗanda suka yi ta sun ce giya ake nufi, kuma gargaɗi ne kan yadda mashayi ke kashe kansa sannu a hankali. Ozzy ya ce mutuwar Bon Scott ce ta jawo ta, Daisley da ya rubuta baitocin ya ce Ozzy kansa yake kallo lokacin da yake rubutawa. Kotu ta kori ƙarar a 1986, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 1988, bisa hujjar cewa waƙar ba ta umarci kowa ya aikata komai nan take ba, kuma tsarin mulkin Amurka ya kare ƴancin faɗar albarkacin baki.

Kafin nan, a 1985, wasu matan manyan ƴan siyasa a Washington, cikinsu har da Tipper Gore, sun kafa ƙungiyar PMRC, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce sun fi ƙazanta, akasarinsu na metal. Majalisar dattawa ta yi zaman sauraren bahasi ranar 19 ga watan Satumba, daga nan kamfanoni suka amince su riƙa liƙa tambarin gargaɗi ga iyaye a kan faya-fayai. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a Reno bisa zargin ɓoye saƙo a cikin waƙa, alƙali ya wanke su. Zargin ya ƙetara teku: a Kasablanka ta Maroko, a watan Maris na 2003, kotu ta ɗaure matasa 14 masu kaɗawa da sauraren metal, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 11 daga cikinsu bayan jama'a sun yi zanga-zanga.

Abin da bincike ya nuna

Fargabar iyayen ba ta rasa dalili ba, kuma masu bincike sun ɗauke ta da muhimmanci. Masanin halayyar matasa Jeffrey Arnett, a littafin da ya fitar a 1996 bayan hira da masoyan metal, ya tarar sun fi takwarorinsu shiga ganganci, kamar tuƙin tsiya da shan ƙwaya. Ya kuma tarar da yawansu na sauraren kiɗan ne lokacin da ransu ya ɓaci, kuma yana huce musu fushi. A ganinsa, yaron da ya riga ya ji ba shi da wurin zama a gida ko a makaranta shi ke neman wannan kiɗa. A 2015 masu bincike a jami'ar Queensland ta Ostireliya sun gwada mutum 39: suka tayar musu da fushi, sannan suka bar wasu da kiɗan da suka zaɓa na minti 10, kuma fushin bai ƙaru ba. A shekarar dai wani binciken a Kaliforniya kan waɗanda suka yi ƙuruciyarsu cikin metal a shekarun 1980 ya nuna cewa sun yi rayuwar kasada, amma da suka manyanta ba su gaza sauran tsararsu ba wajen natsuwa da zaman lafiya.

Rayuwar Rhoads ta riga ta nuna wannan tun kafin a rubuta shi. Barasa da hodar da suka lalata maigidansa, suka kuma zauna a kujerar matuƙi ranar da ya mutu, su ne abin da waƙar da aka kai kotu ke gargaɗi a kai, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Abin da matasa da yawa suka ɗauka daga wurinsa kuwa shi ne zaman atisaye. Tom Morello na ƙungiyar Rage Against the Machine ya faɗa cewa hoton Rhoads ne a bangon ɗakinsa lokacin da yake kaɗa jita awa takwas a rana, ya kuma raɗa wa ɗansa na fari sunan Rhoads. Zakk Wylde, wanda ya zama mai jitar Ozzy a 1987, da Dimebag Darrell na Pantera, duk sun ce shi suka bi. Kamfanin Jackson har yau na ƙera jitar nan mai kaifin kusurwa da suka tsara tare da shi a 1980, da sunansa a jiki.

A 1987 Ozzy ya fitar da faifan Tribute na wasannin da suka yi tare. A 2021 aka shigar da Rhoads zauren karrama gwanayen rok na Amurka. Ozzy, wanda aka yi wa gargaɗin giya a daren Knoxville, ya ƙara shekara 43 a duniya, ya mutu a watan Yuli na 2025 yana da shekara 76, ƴan makonni bayan wasan bankwana a Birmingham. Delores kuwa ta koma ajinta a Musonia ta ci gaba da koya wa yaran unguwa kiɗa har tsufa ya ci ƙarfinta. Ta mutu a 2015 tana da shekara 95, yayan Randy ya karɓi ragamar makarantar.